Zoɓon Ɗija Marar Suga

Duk mai jin Hausa da ya zauna a Wheaton, can gefen birnin Washington, a shekarun nan, ya ce maka bai taɓa shan zoɓon Ɗija ba, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa irin mutanen nan ne da ba sa zuwa sunan kowa. Ɗija 'yar Damagaram ce. A shekarar 2001 ta biyo mijinta Idrissa zuwa Amurka, bayan ya samu aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Akwati biyu ta sauka da su. Ɗaya kayan sawa ne, ɗayan kuwa busasshen zoɓo ne da citta da kanumfari, sai wani tsohon zane na mahaifiyarta, Inna Cima, wadda ta rasu wata huɗu kafin tafiyar.

Inna Cima ce ta koya mata haɗin. Ba a tafasa zoɓo, in ji ta, jiƙa shi ake yi a ruwan zafi a rufe, a bar shi ya saki jikinsa da kansa. Ɗija ta riƙe wannan kamar karatun sallah. Da safe tana aiki a kicin ɗin wata makarantar yara, da rana kuma tana cika jarkoki, waɗanda ita ba ta taɓa yarda ta kira jarka ba, sai dai bido, yadda ake faɗa a garinsu. A jikin kowane bido tana rubuta sunanta da baƙin alƙalami, da ƙugiyar nan ta harafin farko, don ta ce ita ba Dija ba ce. Zanen Inna kuwa, mai ratsin kore da ja ne, sai ta yayyaga shi sili-sili tana ɗaurawa a hannun bido. Kore mai suga, ja marar suga.

Na biki da suna sayarwa take yi. Amma duk watan azumi, kowace yamma, bido huɗu take kaiwa ƙaramin masallacin unguwa don buɗa-baki, kyauta, ladan ya kai kabarin Inna Cima. Ba ta samu zuwa jana'izar kowa a gida ba tun da ta zo, ba ta gina rijiya ba, ba ta da kuɗin gina masallaci. Wannan zoɓon shi kaɗai ne abin da take iya aika wa uwarta, kuma shekara goma sha biyu ba ta fasa ko rana ɗaya ba.

To, akwai wata ƙungiya da ake kira Mu Gaisa, ta duk wanda ke jin Hausa a yankin, Musulmi da Kirista, 'yan Najeriya da 'yan Nijar har da mutanen Kumasi. Lahadin ƙarshen kowane wata suke haɗuwa da rana a wani zaure da suke haya, a ci masa da miyar taushe, a yi gardamar siyasar gida har murya ta dishe. A kusa da ƙofa akwai wani tebur da kowa ya sani, na Chuwang, mutumin Jos, ma'aikacin jinya, uban wata yarinya Olive, shi da abokansa biyu. Kwalba uku ta giya suke ajiyewa, kowa ɗaya, a fili. Su sha, su gaisa da jama'a, kafin la'asar sun tafi. Ɗija in za ta wuce wurin takan kawar da hanci, amma masarta mafi laushi a farantin Chuwang take sauka, domin shi ya kwana biyu a kan 'yarta Aliyya lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti.

Haka ake tafiya har 2010, aka zaɓi Alhaji Abdulhamid shugaba. Injiniya ne, mutumin kirki, ba ya ƙarya ba ya zalunci, illarsa ɗaya: ya yi imani duk abin da aka rubuta a takarda aka buga masa hatimi, to ya faru. Dokarsa ta farko, ba giya a taron Mu Gaisa. Aka yi ta tafi, Ɗija ma ta tafa har hannunta ya yi zafi. Aka kafa kwamitin mutum uku mai duba jakunkuna a bakin ƙofa, aka ɗora Khalil a kai, wani ma'aikacin kwamfuta mazaunin Alexandria ta hayin kogin Washington, mai murya kamar lasifika. Chuwang ya miƙe ya ce shi bai ga wanda kwalbarsa ta taka ba, amma tunda jama'a sun ga dama, shi ke nan. Daga ranar ya koma shan ruwa, fuskar nan a murtuke.

Yanzu bari in gaya muku abin da Ɗija ba ta sani ba, don kada ku zauna cikin duhu irin nata.

Akwai wani Gregory, ɗan Kaduna mazaunin Greenbelt, nan kusa da Wheaton, mai motar ɗaukar kaya. Shi bai ma taɓa zama a teburin Chuwang ba. Amma wata rana ya tsaya yana kallon zoɓon Ɗija marar suga a kofin roba, ja wur har ya yi duhu, ga ɗan tsami, sai wani tunani ya faɗo masa. Irin jan giyar nan ta inabi, in ka zuba ta a kofi ɗaya da wannan, ko uwar da ta haife su ba ta bambanta su da ido. Wata na gaba ya sayi bido mai jan ƙyalle, ya zagaya bayan zauren, ya tuttule zoɓon a magudanar ruwa, ya cika bidon da abin da ya kawo a mota, ya ƙara wa ƙyallen ƙulli ɗaya don kada ya ɓace masa cikin 'yan uwansa. Ya shigo da shi ta gaban kwamiti yana gaisuwa. Wa zai buɗe bidon Ɗija?

Khalil ne ya fara kama shi, a wata na uku. Ya buɗe, ya shinshina, ya dubi Gregory, ya dubi hagu da dama, sannan ya rufe murfin da kyau ya ce, "Wannan ai sai a riƙa tunawa da masu gadi." Aka riƙa tunawa da su kuwa. Kafin shekara ta zagayo, kwamitin mutum uku ya zama na mutum goma sha ɗaya, kowa na roƙon a sa shi aikin Allah a bakin ƙofa. Alhaji Abdulhamid har hawaye ya yi a wani jawabi, yana yabon kishin addinin matasa.

Kalmar sirri kuwa ba ta da wuya. Ka matsa kusa da teburin sha, ka yi ƙasa da murya, ka ce, "A ba ni marar suga." Shi ke nan. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan shi ne, mutanen da a da ko kusa da teburin Chuwang ba sa iya tsayawa don kunyar idon jama'a, yanzu ga su riƙe da kofi a gaban matansu da surukansu, suna kurɓa suna zancen tarbiyya. Kwalba uku ta zama bido takwas. Mutanen Alexandria suka ga 'yan Greenbelt na cin kasuwa su kaɗai, suka buɗe tasu hanyar, har aka taɓa cin kwalar juna a wurin ajiye motoci a kan bido biyu da babu komai a ciki. Da zaɓe ya zo, masu marar suga suka haɗa kai, Khalil ya zama mataimakin shugaba.

Ita kuwa Ɗija, hankalinta tashi ya yi. A da mutum huɗu ne ke shan marar suga, cikinsu har da Alhaji Abdulhamid, wanda ciwon suga ya kama da gaske. Yanzu maza sun kai talatin.

"Baban Aliyya," ta ce wa mijinta, "wannan ƙasa za ta ƙarar mana da maza. Yaro kamar Khalil, bai kai arba'in ba, wai suga."

Idrissa ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya ɓoye fuskarsa a bayan jarida.

Ta shiga yi musu addu'a da sunayensu bayan kowace sallah. Ta hana su masa. In ta ga mai shan marar suga ya ɗauki faranti, sai ta fizge ta musanya masa da kwaɗon zogale, tana faɗa, "Kana so ka bar 'ya'yanka marayu a ƙasar mutane?" Gardawa suka riƙa cin ganye suna godiya. Har likita ta gayyato, Dakta Haula, da ɗan injin gwada jini, kyauta. Ranar kafin likitar ta gama buɗe jaka, maza talatin sun tuna da sun bar mota a inda ba a ajiyewa. Alhaji Abdulhamid kaɗai ya miƙa yatsa. Ɗija ta girgiza kai ta ce maza da tsoron allura sai addu'a.

Abu ɗaya ne ke damunta a ɓoye. Bidon da ake dawo mata da su, wasu na zuwa da wani wari mai tsami da ba ta san shi ba. Ita da ba ta taɓa kai hancinta bakin kwalbar giya ba, ina za ta gane? Ta ɗauka hannunta ne ya fara lalacewa. Ta canza shagon da take sayen zoɓo, ta canza tukunya, ta riƙa wanke bido sau uku da ruwan zafi, ba ta gaya wa kowa ba don kunya.

Asiri ya fara tonuwa ta inda ba a zata ba, kuma a kanta ya faɗo. Wata mata mai suna Rahmatu ta ji ƙishi a taro, ta ɗauki kofin mijinta ta kwankwaɗe rabi kafin ya ankara. Ta yi tari, ta ce kanta na juyawa. Mijin, maimakon ya ji tsoron Allah, sai ya ce, "Zoɓon Ɗija ne, ina jin ya ɗan kwana." Magana ta bi waya daga Wheaton zuwa Greenbelt, ta haye kogi ta isa Alexandria: wai zoɓon Ɗija tsimuwa yake yi, wai yana sa maye.

Saura mako uku azumin 2013, shugabar matan masallaci ta kira ta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Aliyya, ta tambayi mutanen Damagaram, sannan ta ce, "Maman Aliyya, bana ki huta. Kwamiti ya ce za a sayi lemon kwalba. Kin san azumi, ba a son abin da ke da shakka."

Ɗija ta ce to. Ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasan kicin tsakanin bidonta, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Inna. Ba cinikin ne ya dame ta ba. Hanya ɗaya take da ita zuwa ga uwarta, an toshe, kuma a ganinta laifin hannunta ne.

Idrissa mutum ne da ke magana da miliyoyin jama'a kowace safiya ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, amma ya gaya wa matarsa magana marar daɗi, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya daɗe yana zargin abin da ke faruwa. Da ya ga kukan nan, sai ya yi abin da ya iya. Ranar Asabar da safe ya baje takardu a teburin kicin, inda bai taɓa aiki ba, ya ce zai gwada karanta wani shiri na tarihin Amurka da ya fassara.

Ya gyara murya irin ta rediyo. Ya karanta yadda a 1920 aka hana giya a duk faɗin ƙasar nan, har shekara goma sha uku. Yadda gungun 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi suna harbin juna a kan unguwanni. Yadda waɗanda aka sa tsaron dokar da yawa suka koma cin abinci a jikinta. Yadda ake shan abin a kofin shayi don a ɓad da kama. Ɗija na tsince zoɓo, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai ya zo wani wuri, ya ƙara murya:

"Dokar ta bar wata ƙofa: likita na iya rubuta wa marar lafiya giya a matsayin magani. Nan da nan sai mutane masu ƙoshin lafiya, dubbai, suka wayi gari duk ba su da lafiya."

Ɗija ta ci gaba da tsince zoɓonta. Ya sake karantawa. Ya karanta na uku, har maƙwabta na iya ji.

Hannun Ɗija ya tsaya a cikin tire. "Baban Aliyya, sake karanta mini wurin likitocin nan."

Ya karanta na huɗu, yanzu muryar rediyon ta gudu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ni ɗan jarida ne, Hajiya. Ba na fitar da labari sai na tabbatar daga majiya biyu."

"To zauna nan. Ni zan samo maka ta biyun."

Ta yafa mayafi, ta shiga mota, sai gidan Chuwang. Ta same shi yana yanke ciyawar ƙofar gida da inji. Ko gaisuwar kirki ba ta bari sun gama ba.

"Baban Olive, don girman Allahn da muke bauta wa, me ke cikin bidona?"

Chuwang ya kashe injin. Ya gaya mata komai: Gregory, Khalil, ƙulli biyu a jan ƙyalle, da magudanar bayan zaure wadda simintinta ya rine ja saboda zoɓon da ake zubarwa shekara uku. Wannan na ƙarshen shi ya fi sukar ta. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun tuni.

"Hajiya, in na buɗe baki, cewa za a yi mashayi ne ke neman a dawo masa da kwalbarsa. Ni ko ɗigo ban taɓa sha a bidonki ba. Abin da zan sha a ɓoye, gara in bar shi."

Lahadin ƙarshen Yuni, saura kwana goma azumi, zaure ya cika. Ɗija ta zo da wuri, ta jera kayanta kamar kullum. Amma akwai bido ɗaya da ta riƙe a ƙarƙashin tebur, cike da zoɓonta na gaskiya marar suga, ta ɗaure masa jan ƙyalle da ƙulli biyu manya-manya, yadda ko daga bayan zaure za a gani.

Alhaji Abdulhamid na tsakiyar jawabi, yana cewa shekara uku ke nan ko ɗigon barasa bai shiga wannan zaure ba, sai ga Ɗija ta ratso tsakiyar jama'a da bido a hannu. Ta dire shi a kan teburin shugabanni, ta juya ƙullin ya fuskanci mutane. Ta tsiyaya kofi fal.

"Alhaji, maƙogwaronka ya bushe. Ga marar suga."

Alhaji ya ce Allah ya yi albarka, ya yi bismillah, ya ɗaga kofin.

Ban taɓa jin an ce Khalil na da gudu ba, amma ranar ya tsallake kujeru biyu. Ya riƙe hannun Alhaji yana cewa, "Ranka ya daɗe, kada ka sha wannan." A bayansa maza sun fi ashirin a tsaye, wasu hannu a sama, wani har ya kife farantin zogalensa. Gregory kuwa ya riga ya kai bakin ƙofa.

Alhaji ya dubi kofin, ya dubi mataimakinsa. "Don me? Ba zoɓo ba ne?"

Matan da ke zaune suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, kowace na neman inda mijinta yake, a zaune ko a tsaye. Mijin Rahmatu ya yi ƙoƙarin komawa kujera a hankali, ta ce masa ya ci gaba da tsayuwarsa.

Ɗija ta karɓi kofin daga hannun Alhaji, ta shanye tas a gaban kowa, ta kife shi a tebur.

"Zoɓo ne. Nawa ne, ni na jiƙa shi da asuba. Wanda ya san dalilin da ya sa ya miƙe, ya yi wa matarsa bayani a mota." Ta juya ga shugaba. "Alhaji, ni ban zo in ce giya halal ce ba. Ba ni na haramta ta ba, ba ni zan halatta ta ba, kuma har in mutu ba za ta shiga bakina ba. Amma da, kwalba uku ce a tebur ɗaya, da sunanta a jikinta, wanda zai sha ya sani, wanda zai kauce ya sani. Yanzu bido takwas ne, da sunana a jiki, da zanen uwata ɗaure a hannunsa. Ku yi yadda za ku yi da dokarku. Ni dai kowane abin sha ya koma amsa sunansa."

Alhaji Abdulhamid ya zauna a hankali. Ya daɗe yana kallon takardar jawabinsa, sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. An rushe kwamitin ƙofa a ranar. Khalil ya ce aiki ya yi masa yawa, ya ajiye muƙami. An yi wata biyar ana gardama a kan dokar, wasu suka fice daga ƙungiyar, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa. A ƙarshe dai teburin Chuwang ya dawo bakin ƙofa da kwalabensa uku, kuma ba a samu mutum na huɗu da ya iya zama a wurin ba. Ciwon suga kuwa ya warke a Wheaton da Greenbelt da Alexandria cikin mako guda, abin da Dakta Haula ta ce ba ta taɓa karantawa a littafi ba.

Amma Ɗija ba wannan take jira ba. Masallaci bai kira ba. Ranar farko ta azumi ta jiƙa zoɓonta duk da haka. Ta kwance ƙyallayen Inna daga kowane bido, ta wanke su sau bakwai, ta shanya, ta ninke su a ƙasan akwati, don ta ce ba za su sake fita yawo ba. Ta zuba zoɓon a manyan kwalabe masu haske da ake ganin ciki, ta ɗauka ba tare da an gayyace ta ba, ta ajiye a ƙarshen tebur, bayan katan-katan na lemo. Ta koma gefe ta tsaya.

Aka kira sallah, aka ci dabino. Hannuwa suka yi ta wucewa ta kan kwalabenta suna ɗaukar lemo. Sai ga Alhaji Abdulhamid ya taso daga sahun maza da kofinsa, ya tako har ƙarshen teburin, ya tsaya a gaban jama'a, ya buɗe murya yadda na waje ma zai ji:

"Maman Aliyya, a ba ni marar suga."

Wani ya ƙware da dabino. Dariya ta fashe daga ɓangaren mata ta zagaye masallacin, har liman ya sunkuyar da kai kafaɗarsa na rawa. Rahmatu ce ta biyu a layi, shugabar mata ta uku, idonta a ƙasa.

Ɗija na zubawa tana dariya, hawaye na sauka a kan mayafinta, har hannunta ya kasa riƙe kwalbar, Aliyya ta karɓa. Kafin a tayar da sallah babu ko ɗigo. Ta tattara kwalaben da babu komai, ta rungume su a ƙirji, ta ce a hankali, yadda ta saba faɗa kowace shekara, "Inna, ga naki ya iso."